Me Ya Sa Kare Ke Cusa Hancinsa Yana Ɓoyewa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina da kare ɗan gida, namiji, shekararsa biyu, shi ke yi mini gadin awaki da kaji. Tun da sanyin nan ya shigo, in zai kwanta sai ya naɗe ya cusa hancinsa ƙarƙashin wutsiya, ko ya tura kai cikin tsofaffin buhuna. In na zauna a kan benci sai ya zo ya soka hanci tsakanin gwiwoyina. Wani lokaci kuma in an zuba masa abinci ba ya ci, sai ya riƙa turo ƙasa da hanci kamar zai binne kwanon. Maƙwabcina ya ce farkon hauka ke nan, in rabu da shi tun bai ciji yara ba. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka rabu da karenka a kan abin da ka lissafa. Abubuwa uku ka kawo mini, kuma ko da yake duk da hanci yake yin su, kowanne da nasa dalilin, babu ko ɗaya da ke nuna hauka. Amma ban ga laifin maƙwabcinka da ya tsorata ba. Akwai wani irin tura kai da mai kallo daga nesa zai iya ɗauka irin waɗannan ne, alhali shi na gaggawa ne, kuma rabin amsar nan a kan yadda za ka bambance su take.

Bari mu fara da mai sauƙin, wato kwanciya. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗan wani abu, ya fi na mutum. A daren Disamba da Janairu kuwa sanyi yakan sauko ƙasa da digiri 15 a Kano da Katsina da Damagaram, a Jos har ƙasa da 10 a wasu darare. Karnukanmu na gida gajeren gashi gare su, ga su ba kitse, cikinsu da hammatarsu kusan fata ce zalla. To ka duba yadda naka yake yi in dare ya raba: zai zagaya wuri ɗaya sau biyu ko uku, ya ɗan karta ƙasa, ya zube, ya janye ƙafafu huɗun ƙarƙashin ciki, ya lanƙwasa baya har kai ya haɗu da cinya, sannan ya jawo wutsiya ya ɗora a kan hanci. Duk inda zafi ke saurin fita ya rufe shi ke nan. Fatar nan baƙa ta kan hanci ba ta da gashi, galibi a jiƙe take, ga iskar hunturu busasshiya mai ƙura. In ya cusa hancin cikin gashi, numfashin da ya fitar da ɗumi da laima yana tsayawa a wurin, shi zai sake shaƙa. Abin da kake yi ne in ka ja bargo ka rufe fuska da asuba. Karnukan da ke jan keken ƙanƙara a Sibiriya da Alaska haka suke kwana a fili, wutsiya mai kauri a kan hanci, ƙanƙara na zuba a kansu. Naka bai taɓa ganin ƙanƙara ba, amma halittar ɗaya ce.

Buhunan ma haka ne. Ɗan kwikwiyo ana haihuwarsa ido rufe, kunne toshe, sai ya yi kwana 10 zuwa 14 kafin ido ya buɗe, kuma a makonnin farko jikinsa ba ya iya riƙe zafi da kansa. Da hanci yake lalube, yana tura kai cikin duk abin da ya ji da ɗumi har ya dace da nono ko ya shige tsakanin 'yan uwansa. Tun kafin ya ga duniya ya riga ya koyi cewa cusa hanci cikin abu mai taushi yana kawo ɗumi da ƙoshi, kuma wannan ba ya barinsa har tsufa. A 2020 masu bincike na Jami'ar Lund a Suwidin da takwarorinsu na Hangari sun nuna cewa hancin kare yana jin ɗumin abu tun daga nesa: sun horar da karnuka uku, suka riƙa zaɓo abin da aka ɗumama zuwa digiri 31 daga tazarar da ta wuce mita ɗaya da rabi, ba tare da wani bambancin kama ko wari ba. Shi ya sa in ka kashe wutar murhu da dare, da safe sai ka same shi kwance a gefen toka.

Idan zafi ya dawo a Maris da Afrilu za ka ga ya daina naɗewa, ya koma miƙe ƙafafu yana haki, ko ya tona rami a gindin randa ya turbuɗa hanci da ƙirji a ƙasa mai sanyi. Wannan canjin shi ne shaidar da za ta tabbatar maka yanayi ne. Yanzu dai abin da yake buƙata shi ne lungun da iska ba ta bugawa, da buhun algarara biyu ko uku ko tsohon bargo, a riƙa shanya su a rana ana kakkaɓewa saboda ƙuma da kaska. Leda kawai za ka kiyaye masa. Kare yakan tura kai cikin ledar da aka ci wani abu a ciki, ya ja numfashi ledar ta manne masa a fuska, cikin mintoci kaɗan ya shaƙe ya mutu, kuma ba ya iya cire ta da ƙafa.

Sai maganar soka hanci tsakanin gwiwoyinka. A nan dole in ɗan tsaya a kan hancin kansa, domin mu mutane da ido muke sanin duniya, shi ya sa muke raina abin da kare ke samu daga shinshina. Ƙwayoyin jin wari da ke cikin hancin mutum ba su wuce miliyan 5 zuwa 6 ba. Na kare suna kaiwa miliyan 200 zuwa 300, gwargwadon irinsa. Ka kama kan naka a hankali ka duba gefen kowace kafar hanci, za ka ga wata 'yar tsaga da ta lanƙwasa zuwa baya. Iska tana shiga ta gaba, tana fita ta wannan tsagar zuwa gefe, don haka numfashin da ya fitar ba ya kore warin da yake bi, yana ma ƙara taso shi daga ƙasa. Wani bincike na Jami'ar Jihar Fensilbeniya a Amurka, a 2010, ya auna cewa kare mai shinshina yana jan iska kusan sau 5 a daƙiƙa ɗaya, kuma wani kaso na iskar yana bin hanya ta daban kai tsaye zuwa can ƙuryar hanci inda ake tantance wari. Bayan wannan akwai wata gaɓa ta biyu a saman ganɗa, da ƙofarta a bayan haƙoran gaba na sama, wadda aikinta karanta sinadaran jikin dabbobi. Ita ce ke aiki in ka ga namiji ya lasa fitsarin karya haƙoransa na ɗan kaɗawa.

Gumin da ya fi ɗaukar warin mutum daga hammata da matsematsi yake fitowa. Kana zaune a benci, ga shi tsayinsa daidai gwiwarka, to nan ne hancinsa zai fara kaiwa. Daga nan yake gane kai ne, ya gane ka biyo ta kwata ko kasuwar awaki, ya gane wani kare ya goge ka a hanya. Har halin da zuciyarka ke ciki yana iya ji. A 2022, a Jami'ar Queen's da ke Belfast a Ireland ta Arewa, an ɗebi gumi da numfashin mutum 36 kafin a sa su lissafi mai wuya da bayan an sa su, aka ba karnuka huɗu, suka riƙa ware na lokacin damuwa daidai kusan kashi 94 cikin ɗari. Wani likitan ƙwaƙwalwa kuma, Gregory Berns na Jami'ar Emory a Amurka, ya horar da karnuka 12 su kwanta shiru cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, ya shaƙa musu wari iri biyar. Sashen ƙwaƙwalwa da ke motsawa in dabba tana sa ran abin daɗi ya fi motsawa da warin mutumin gidansu, fiye da na baƙo, fiye ma da na karen da suka saba da shi. Saboda haka in ya cusa hanci a jikinka ya tsaya, jiki a sake, ido a lumshe, wutsiya na kaɗawa a hankali, ya zo wurin da ya fi yarda da shi ne a duk gidan.

Akwai kuma na tsoro, kuma ba ya ɓuya. Za ka ga kunne a kwance, wutsiya a matse tsakanin cinyoyi, yana lasar leɓe, yana hamma ba barci ba, wani lokaci jiki na rawa. Lokacin tsawar farkon damina ne, ko ranar da yara ke fasa abin wasan wuta da salla, ko an yi harbin bindiga a gidan biki. Irin wannan ba tsawa yake buƙata ba. Ka buɗe masa ɗakin ajiya ko wani lungu mai duhu ya shiga har abin ya wuce. Haka nan wanda ke rufe hanci da ƙafafun gaba in ana yi masa faɗa, mutane su ce ai ya san ya yi laifi, kunya yake ji. Wata mai binciken halayyar karnuka a Amurka, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan a 2009 da karnuka 14, ta ga fuskar nan ta “mai laifi” tana fitowa ne in mai kare ya yi faɗa, ko karen ya ci abin da aka hana shi ko bai ci ba, wanda ma bai ci ba aka yi masa faɗa shi ya fi nuna ta. Muryarka yake amsawa, yana roƙon a sassauta.

Na san da yawa daga cikinmu ba ma son kare ya taɓa tufar da za mu yi salla da ita. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi, kare mai rai ba a ɗauke shi najasa ba, Shafi'iyya kuwa sun tsananta a kai, kuma ko ba maganar hukunci ba, babu mai son majinar kare a farar shadda ranar Juma'a. Ga kuma kunyar da mutum ke sha in karensa ya nufi baƙo ya soka masa hanci inda bai dace ba. Gyaran ba wuya, sai dai kada ka haɗa da duka a hanci, wanda shi ne abin da hannu ke fara kaiwa. Wurin cike yake da jijiyoyi, zafin yana da yawa, kuma karen da aka saba dukansa a hanci shi ne wanda wata rana yaro zai miƙa masa hannu ya cafke. In ya nufo ka, miƙe tsaye ka juya masa gefe, ka ce “zauna”, in ya zauna ka jefa masa ɗan ƙanzo ko guntun kifi ka yabe shi. Ka yi haka kullum, kuma kowa a gidan ya yi iri ɗaya, don in kai kana hanawa yara suna shafa shi in ya yi, aikin banza kake. Ka ajiye masa tsohuwar rigarka a makwancinsa, warin da yake nema ya same shi a can.

Na uku, binne abinci, shi ya fi ba mutane mamaki, ni kuma shi na fi jin daɗin kallo. Ka ba shi ƙashi babba wata rana bayan ya ƙoshi, ka koma gefe kamar ba ka gani. Zai ɗauka ya yi ta yawo da shi a baki yana waige-waige, ya je gindin katanga ko bayan turken awaki. Da ƙafafun gaba zai tona ramin. Ya saka ƙashin, ya danna shi da baki. Amma wajen rufewa ba zai sake amfani da ƙafa ba ko sau ɗaya: zai sunkuyar da kai, ya sa karan hanci ya riƙa turo ƙasa daga gefe zuwa tsakiya, turi bayan turi, yana zagaya ramin, a ƙarshe ya daddanna da kan hanci, ya taso da ƙasa fal a fuska yana atishawa. Haka dila ke yi, haka yanyawa ke yi, haka kyarkecin Turai da karnuka suka samo asali daga danginsa yake yi. Namun dajin da ke farauta yau su samu gobe su rasa, don haka rarar da ciki bai ɗauka ba ƙasa ake ba ajiya, ta ɓoye ta daga ungulu da ƙudaje, ta kuma rage mata zafin rana.

Abin da zai nuna maka gado ne ba tunani ba, kare zai yi wannan turin ko a kan siminti, inda babu ƙwayar ƙasa ko ɗaya. Zai yi ta shara da hanci a kewayen kwano, ya tsaya ya duba aikinsa, ya tafi da gamsuwa alhali tuwon na nan a fili. Wasu har karan hancin ya saɓule ya yi jini. In naka yana yawan yi, mafi kusa shi ne abincin ya yi masa yawa, ko ana zuba masa a lokacin da ba ya jin yunwa. Na biyu, ba ya samun natsuwa a wurin cin: kaji na kai masa wawa, akuya na leƙe, yara na kai-komo, sai ya ga gara ya ajiye sai dare. Ka rage abincin, ka raba shi safe da yamma, ka kai kwanon inda kaji ba sa zuwa, in ya yi minti 15 zuwa 20 bai ci ba ka ɗauke. Cikin kwanaki kaɗan yawanci abin ke raguwa. Ƙashin kaza dafaffe kuma kada a ba shi ko kaɗan, yana tsagewa da tsini ya huda hanji.

Inda nake so ka sa ido shi ne in rufe kwanon ya zo tare da ƙin ci gaba ɗaya. Karen da zuciyarsa ke tashi yakan je kwano, ya shinshina, ya kau da kai yana haɗiyar yawu, sannan ya hau tura ƙasa don ya kawar da warin daga gabansa. Mai ciwon haƙori ma yakan yi haka, yana so yana tsoron tauna. Idan ya wuce yini biyu bai ci ba, ko yana amai, ko ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi ya yi fari fat maimakon ja-ja, wannan na asibiti ne. Farin dasashi a karen da kaska ta yi wa yawa ciwon jini ne da kaskar ke sawa, kuma yana kisa in an yi sake.

Wata 'yar magana a gefe, tunda ka ambaci yara. Ana yawo da bidiyo a waya na kare yana tura zane da hanci yana rufe jariri, mutane na ta cewa dubi ƙauna, yana lulluɓe shi kada ya ji sanyi. Ka kalli motsin da kyau, shi ne dai turin da yake yi wa ƙashi. Ba na cewa duk karen da ya yi haka cin yaron zai yi, amma ni ba na ganin abin sha'awa a ciki, kuma kowane irin kare ne, komai sabo, ba a barinsa da jariri su kaɗai.

Ba ka ce yana farauta ba, amma kare mai gadin kaji ba ya rasa bin ramin ɓera da gafiya. Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi, to in ka ga yana huci a bakin rami yana tura kai har ido, akwai abu a ciki, kuma ba kullum gafiya ba ce. Mafi yawan saran maciji da harbin kunama da nake gani a karnuka a fuska suke, saboda hanci ne ke fara shiga. In ya dawo da fuska a kumbure farat ɗaya, yana dalala, a nufi asibitin dabbobi, kada a tsaga wurin, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. In kuma ka san an zuba shinkafar ɓera a ramukan gidan, ɗaure shi har a kwashe.

Yanzu ga ɓangaren ciwo, kuma iri biyu ne. Na farko goga hanci. Wannan ba kwanciya ake yi a natse ba: kare na dirza fuska a ƙasa, yana kai ƙafa yana karta, yana atishawa a jere. In abin ya faro kwatsam bayan ya shiga ciyawa, kuma majina ko jini na fita ta kafa ɗaya kawai, kusan kullum wani abu ne ya shige, ƙarangiya ko tsinin busasshiyar ciyawa. An taɓa kawo mini wani da aka yi makonni ana ɗura masa maganin mura, hancin dama na zubar da ruwa mai wari, na hagu lafiya lau. Da muka sa masa maganin barci muka haska, tsinken ciyawa ne ya kusa tsawon ɗan yatsa, ya lume can ciki. Kafa ɗaya ita ce alamar, domin mura ba ta zaɓar gefe. Kada ka sa tsinke ko hantsaki ka ce za ka ciro da kanka, ƙara tura shi za ka yi. Ruɓaɓɓen haƙorin sama ma yakan huda har cikin hanci ya kawo irin wannan. Akwai wata tsutsa mai faɗi da ke zama a hancin kare in ana ba shi ɗanyen kayan cikin tumaki da awaki, huhu da hanta da kaluluwa, wanda shi ya sa nake cewa duk abin da aka kwaso daga mahauta a dafa shi tukuna. Akwai kuma wani tsiro mai zubar da jini da karnukan da ke yawo suke ɗauka wajen barbara, wanda shinshina da lasa kan kai shi hanci, kuma yana warkewa da allurai a hannun likita. In kuwa gashi na zubewa a kewayen ido da baki da gefen kunne, fata ta yi kauri, yana susa ba dare ba rana, ƙazuwa ce. Don Allah kada a shafa masa baƙin mai ko maganin ƙwarin gona. Ƙazuwar ba ta kashe shi da wuri, waɗannan kuwa yana lashewa su kashe shi. Farasitamol da ibufurofen na mutane ma ba a ba kare da ka.

Bushewar hanci ita kaɗai ba ciwo ba ce, balle da hunturu ko bayan barci. In ya tsattsage, ɗan man kaɗanya ya isa. Amma in hancin ya yi kauri ya yi ɓawo, tafin ƙafa ma ya taurare, ga kwantsa da majina mai kauri a ido da hanci biyun, ga tari, wannan distamfa ce, cutar da ke cinye ƙananan karnukan da ba a yi wa rigakafi ba, kuma takan hau ƙwaƙwalwa daga baya.

Iri na biyu shi ne wanda na ce na gaggawa ne. Kare zai je bango, ko kusurwar ɗaki, ko gindin bishiya, a tsaye ko a durƙushe, ya kafa goshi ko hanci ya danna da ƙarfi, ya tsaya haka minti da minti. Ba taushi yake nema ba, ba ɗumi ba, abu mai tauri yake tokara. Jiki a sandare, ido a buɗe amma ba ya kallon komai. In ka janye shi ya koma. Sau da yawa yana haɗawa da zagaye wuri ɗaya, da tuntuɓe da kaya kamar makaho, da shiga lungu ya kasa juyowa, ko farfaɗiya. Wannan ƙwaƙwalwa ce ta taɓu: hanta ta gaza tace guba daga jini, ko ya ci guba irin dalmar tsohon batir, ko distamfa ta hau kai, ko tsiro, ko an buge shi a ka, ko kuma ciwon hauka. Masu kiwo sun san irinsa a tumaki da awaki. Ba a kwana da shi a gida ana jiran a ga abin da gobe za ta yi.

Gwajin da za ka yi da kanka ba ya cin ko kwabo. Lokacin da ya cusa hancin, kira sunansa, ko ka ƙwanƙwasa kwanonsa. Mai jin sanyi zai zaro kai, ya kalle ka, ya kaɗa wutsiya, wataƙila ya yi miƙa ya taso. Mai binne ƙashi zai tsaya ya dube ka da ƙasa a hanci. Mai tsoro zai juyo da ido ko bai taso ba. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu ba zai san ka yi magana ba, ko ya juyo a rikice kamar bai taɓa ganinka ba.

Ciwon hauka kuwa ba ya ɗaukar dogon lokaci yana wasa da mutum. Daga ranar da alamu suka fito, da wuya kare ya wuce kwana 10 da rai. Naka ya yi makonni yana wannan hali, yana ci, yana gadi, yana gane ka. Alamun haukan daban ne: hali ya juye, mai fara'a ya koma neman cizo ko mai faɗa ya yi laƙwas, murya ta canja, yawu na zuba saboda ya kasa haɗiya, muƙamuƙi ya saki, yana cizon itace da dutse da sarƙarsa, ƙafafun baya su fara shanyewa. Mai sakakken muƙamuƙin nan shi ya fi yaudara, don mutane sukan ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa su tura hannu a bakin. Kada ka taɓa yin haka. Ka kulle shi inda ba zai kai ga kowa ba, ka kira ma'aikatan dabbobi.

Abin da ba ka faɗa mini ba, kuma ya fi duk sauran muhimmanci, shi ne ko an yi masa allurar rigakafin hauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka daga cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ana fara allurar tun kwikwiyo na wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin ta, asibitocin dabbobi na gwamnati da na kuɗi suna da ita, kuma wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, jihohi da dama sukan yi ta kyauta. Ka karɓi katin ka adana, shi za ka nuna in wata rana an yi tsautsayi. In kuma kare ya ciji wani ko ya yakushe shi, naka ne ko na wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, a tsare karen a sa masa ido kwana 10 maimakon a kashe shi a jefar.

In za ka kai shi a duba, ɗauki bidiyonsa da waya yana yin abin, ko na rabin minti ne, a ga dukkan jikinsa ba kai kaɗai ba. Kare in ya shiga asibiti ya ji warin wasu karnuka da magani, duk abin da yake yi a gida sai ya daina, likita ya rasa abin dubawa. Ka kuma riƙe amsar abin da za a tambaye ka: yaushe ya fara, da dare ne ko da rana, me ya ci a kwanakin nan, ta kafa ɗaya majina ke fita ko biyu, kuma ko ya yi faɗa da wani baƙon kare a 'yan watannin nan.